Ɗigo goma sha huɗu a muƙamuƙin biri: kundin aikina

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Baba mai kula da ɗakin ƙasusuwa ya buɗe mini kabad ɗin ƙarfe na ƙurya, muka sauko da kwalaye biyar. Ƙurar hunturun shekara da shekaru ta kwanta a kansu, sai da muka ɗaura ƙyalle a hanci kafin mu buɗe. A ciki akwai muƙamuƙan ƙasa na birai 34, kowanne a naɗe da tsohuwar jarida ko audugar da ta koma ruwan ƙasa. Iri uku ne, duk 'yan gida: gwaggon biri, wanda masana ke kira Papio anubis, da jan biri, Erythrocebus patas, da kirka, Chlorocebus tantalus. Duk ukun ana samunsu a dazukan Arewa, har da gandun Kamuku na Birnin Gwari a nan jiharmu.

Aikin a baki ba shi da tsawo. Zan ɗauki hoton kowane muƙamuƙi ta gefe, in ɗora ɗigo a wuraren da na zaɓa, wuri iri ɗaya a kowane ƙashi, kwamfuta ta rubuta matsayin kowane ɗigo da lambobi biyu, x da y. Daga nan lissafi ya cire girma, ya cire inda ƙashin ya zauna a hoto da yadda ya karkata. Abin da ya rage shi ne siffa zalla. Tambayata kuwa ita ce: bambancin muƙamuƙin gwaggon biri da na ƙananan 'yan uwansa, girman jiki ne kawai ya kawo shi, ko akwai abin da zai saura bayan an ware girman?

Na ware uku tun yau, saboda turminsu na ƙarshe bai fito ba, alamar ba su gama girma ba. Saura 31. Malam mai duba aikina ya ce in buɗe wannan kundi. "Ki rubuta komai da kwanan wata, har kuskuren da kika yi. Bayan wata shida ba za ki tuna dalilin da ya sa kika matsar da ɗigo ba."

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwana uku ina zaune da muƙamuƙi ɗaya a hannu da fensir, ina neman inda ɗigogi za su zauna. Fred Bookstein, a littafinsa na 1991, ya kasa irin waɗannan alamomi gida uku. Na farko inda abubuwa suka haɗu, kamar mahaɗar ƙasusuwa, wurin da ba a musu a kansa. Na biyu tsini ne ko ƙarshen lanƙwasa. Na uku shi ne wanda sai an auna daga wani wuri ake samunsa, kamar a ce "mafi nisa ta baya" ko "mafi ƙasa". Muƙamuƙin ƙasa matalauci ne wajen nau'in farko, domin a wajen birai da mutane ɓangarorinsa biyu sun manne tun ƙuruciya sun zama ƙashi guda, babu ɗinki a jikinsa.

Jerin farko da na kwafo na muƙamuƙin ɗan Adam ne, daga darasinmu na ilimin sassan jiki. Nan take na soke ɗigon tsinin haɓa. Biri ba shi da haɓa. Gaban muƙamuƙinsa zamewa yake yi baya, ta ciki kuma akwai wani ɗan dandamali na ƙashi da ke ƙarfafa mahaɗar. Haɓa mai turowa gaba tamu ce mu kaɗai.

Haƙora ne suka cece ni. Biran Afirka da Asiya lissafin haƙoransu irin namu ne, 32: a kowane ɓari haƙoran gaba biyu, fiƙa ɗaya, ƙananan turame biyu, manyan turame uku. Don haka bakin ramin haƙori tsakanin wannan da wancan wuri ne da ke nufin abu guda a jikin dabbobin uku. Na sa ɗigo na 1 a bakin ƙashi tsakanin haƙoran gaba na tsakiya, na 2 a bayan fiƙa, na 3 zuwa na 6 a tsakanin turame bi da bi, na 7 a bayan turmin ƙarshe. Na 8 yana kan tsinin gaba na reshen da ya tashi sama, inda tsokar gefen kai ke kamawa. Na 9 yana can ƙasan kwarin da ke bayan tsinin, na 10 da na 11 a saman dunƙulen gaɓa da bayansa, inda muƙamuƙi ke haɗuwa da ƙoƙon kai a gaban kunne. Na 12 shi ne gwiwar muƙamuƙi, wadda likitoci ke kira goniyon. Na 13 ƙasan mahaɗar gaba, na 14 hudar da jijiya ke fitowa ta gefe.

Na rubuta ma'anar kowanne a kati, na manna a bangon da nake fuskanta.

Asabar, 25 ga Janairu

Wurin ɗaukar hoto ya kammala, kuma rabin kayansa daga Kasuwar Gumi suka fito: farantin silba mai zurfi, yadi ɗaya na baƙin ƙyalle marar sheƙi, rular ƙarfe, da ɗan ƙaramin lebul irin na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa. Yashi kuwa ƙanena ya ɗebo mini a wani gini da ake yi a layinmu na Unguwar Rimi, na tankaɗe, na wanke, na shanya.

Yashin ne ke riƙe ƙashi. Muƙamuƙi ba shimfiɗaɗɗen abu ba ne, ɓarinsa biyu sun buɗe ta baya kamar bakin almakashi, in ka kwantar da shi a teburi sai ya kife yadda ya ga dama. Ina nutsa ɓarin dama cikin yashin da na lulluɓe da ƙyallen, in yi ta gyarawa har fuskar reshen hagu ta daidaita da idon kyamara. Lebul ɗin nakan ɗora shi a bayan kyamara, sannan a kan wani siririn katako da na gicciya a saman reshen. Sai ƙwayar iskar ta tsaya tsakiya sau biyun nake danna.

Abu biyu na koya da wahala. Rula dole ta zauna daidai tsayin fuskar ƙashin, ba a ƙasan faranti ba, in ba haka ba santimitar da ke hoton ba ita ce ta ƙashin ba. Na ɗora ta a kan tarin kwalayen ashana, ina ƙarawa ina ragewa gwargwadon kaurin kowane muƙamuƙi. Na biyu, in kyamara ta matso kusa, abin da ke gefen hoto yakan lanƙwashe, abin da ya fi kusa da ido kuma ya kumbura. Na ɗaga ta sama sosai a kan sandarta mai ƙafa uku, na jawo hoton da zuƙowa, na yi wa ƙafafun sandar alama da fenti a siminti don kada su gusa.

Hasken taga na safe ya fi kowace fitila, musamman yanzu da hazo ya tausasa rana. Ko an ɗauke wuta aikin hoto ba ya tsayawa.

Talata, 4 ga Fabrairu

An gama hotuna, kowane muƙamuƙi sau biyu. Tsakanin na farko da na biyu nakan cire shi daga yashi gaba ɗaya, in baje yashin, in sake dasa shi. Huɗu sun karye ta hagu, na ɗauki damansu na juya hoton a kwamfuta, na sa musu harafin J a suna. Biyu tsininsu na gaba ya gutsure ta ɓangarorin biyu. Akwai hanyar da lissafi ke ƙiyasta ɗigon da ya ɓata daga sauran ƙasusuwa, amma da ɗan wannan adadi nawa ban yarda in cike gurbi da ƙiyasi ba. Na ajiye su gefe. Saura 29.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Lamba 17 ta hana ni sukuni tun ranar hoto. Takardar da ke ɗaure da zare a jikinta ta ce jan biri, da tawada shuɗiya da ta kusa gogewa. Amma a hannu ta fi sauran jajayen birai nauyi, gangarta, wato ɓangaren da ke ɗauke da haƙora, ta fi tsawo, kuma a gefenta ƙarƙashin ƙananan turame akwai ɗan loko da ɗan yatsa ke faɗawa ciki. Na kai wa Baba.

Ya juya ta sau biyu, ya shafa lokon da babban yatsa, ya ce, "'Yata, wannan ai gwaggo ce, mace. Tun zuwana nake ganin takardar nan ban yarda da ita ba, amma ba ni na rubuta ba, ba ni da ikon gogewa."

Na ce, "Baba, ta yaya zan rubuta wa Malam hujja? Ba zan ce masa nauyi na ji a hannu ba."

Ya ce in je in kawo gilashin ƙara girma, mu duba haƙora.

Turamen biran nan duk tsarinsu ɗaya, 'yan tuddai huɗu, biyu-biyu, kowane biyu da gada a tsakaninsu. Amma a zuriyar gwaggon biri turmin ƙasa na ƙarshe yana da tudu na biyar a can baya, wanda ke ƙara masa tsawo. Jan biri da kirka da danginsu ba su da shi. Na goge turmin lamba 17 da tsohon buroshin haƙori, na kawo shi bakin taga. Ga na biyar nan a baya, ya ɗan cinye da tauna amma a fili yake. Na ɗauko na jajayen birai tara na jera, kowanne huɗu.

Abin da ya rikitar da wanda ya rubuta takardar ina jin fiƙa ce. Namijin gwaggon biri yakan kusan ninka macen nauyi, fiƙoƙinsa dogaye ne, ƙaramin turminsa na farko na ƙasa kuma ya miƙe ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, a jikinsa fiƙar sama ke gogawa tana kaifi. Macen ba ta da wannan kayan yaƙi sosai, sai ta yi kama da wani biri daban ga wanda ya saba ganin na maza.

Ban taɓa tsohuwar takardar ba. Na ɗaura sabuwa kusa da ita, da kwanan wata da dalili. Yanzu lissafin ya zama gwaggon biri 13, jan biri 9, kirka 7. Na ce wa Baba sunansa zai shiga shafin godiya. Ya ce in dai gyara ya tabbata ya wadatar.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Zagayen farko na ɗora ɗigogi ya ƙare jiya da dare, hotuna 58, da manhajar tpsDig2 ta James Rohlf, wadda kyauta ake sauke ta. Fayil ɗin da take fitarwa rubutu ne kawai, ana iya buɗe shi a karanta: layin farko LM=14, sai layuka goma sha huɗu na lambobi biyu-biyu, sai sunan hoto, sai SCALE, wato adadin da ke mayar da ƙwayoyin hoto zuwa milimita. Kirgen yana farawa daga kusurwar ƙasa ta hagu.

Na zuba shi a MorphoJ, manhajar Christian Klingenberg, na yi abin da ake kira daidaitawar Furokrastis. Sunan na wani ɗan fashi ne a tatsuniyar Girkawa, mai miƙe baƙo ko datse shi har ya yi daidai da gadonsa. A aikace kamar tela ne ya ɗauko takardun yankan riguna daban-daban: ya haɗa tsakiyarsu wuri guda, ya mayar da su girma ɗaya, ya yi ta juya kowacce har tazarar da ke tsakanin ɗigo da takwaransa ta ragu iyakar raguwa. Girman da ake cirewa ba a yar da shi. Ana nemo cibiyar ɗigogin, a auna nisan kowanne daga gare ta, a ninka kowane nisa da kansa, a tara, a ɗauki tushen murabba'in jimlar. Wannan lamba ita ce girman cibiya, ita zan yi amfani da ita nan gaba.

Hoton da ya fito ya nuna ƙasusuwa biyu sun yi fatali da sauran. Na buɗe wurin binciken saɓaɓɓu a manhajar, sai ga layi ja dogo daga ɗigo na 8 zuwa na 10. Na musanya su ne, na danna dunƙulen gaɓa kafin tsini. Duka biyun cikin masu harafin J suke, waɗanda idona ya saba ganinsu ta ɗaya fuskar a hannu. Kwamfuta ba ta san tsini ba, ba ta san gaɓa ba, layi na takwas kawai ta sani. Sannan hotuna uku na manta ban auna rula ba, babu layin SCALE, har wata kirka ta fito ta fi kowane gwaggon biri girma. Duk na gyara. Irin wannan kuskure mai ihu ba ya ba ni tsoro, da kansa yake tona kansa.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Na mayar da aikin ɗigo bayan sallar asuba, lokacin ido bai gaji ba, gida shiru, batirin kwamfuta a cike.

Na bar kwana goma tsakani don in manta, na sa manhajar tpsUtil ta hargitsa jerin hotunan yadda ba zan san wanne ke biye da wanne ba, na sake ɗora ɗigogin daga farko. Yanzu kowane muƙamuƙi yana da awo huɗu: hoto biyu, kowane hoto sau biyu. Daga nan ake raba bambanci gida uku, na tsakanin dabba da dabba, na dasa ƙashi a yashi, da na hannuna a kan linzamin kwamfuta.

Ban tsaya ga jimla ba, domin daidaitawar Furokrastis tana da wata ɗabi'a: in ɗigo ɗaya yana yawo, takan raba laifinsa ga maƙwabtansa, kowa ya ɗauki kaɗan, mai laifin ya ɓuya. Sai na koma ɗanyun lambobi. Hoto ɗaya ne, ma'auni ɗaya, don haka zan iya ɗora danna ta farko a kan ta biyu kai tsaye in ga tazara.

Ɗigogin tsakanin haƙora sun faɗa kusan a kan juna. Tsini da ƙasan kwari ma ba laifi. Na 12 ne ya kunyata ni. A kan wani namijin gwaggon biri, inda na sa goniyon ran 19 ga Fabrairu da inda na sa shi yau sun yi nisan da ya kusa faɗin farcen ɗan yatsana. Na duba na kirka, can ma yana yawo, ko da yake bai kai haka ba.

Na ɗauko ƙashin kansa na bi gefen da yatsa daga bayan dunƙulen gaɓa zuwa ƙasa. Babu gwiwa. A muƙamuƙin mutum akan ji inda layin baya ya karya ya zama layin ƙasa. A nan kuwa lanƙwasa ce doguwa mai sulɓi kamar gindin ƙwarya, ko'ina ka tsaya za ka iya rantsuwa nan ne kusurwa. Katin da ke bango ya ce "wurin da lanƙwasa ta fi tsanani", ni na rubuta da hannuna, kuma a ƙashin nan babu irin wannan wuri. Ashe duk ranar da na danna, abin da idona ya raya mini a ranar nake rubutawa da sunan awo.

Abin ya dame ni ƙwarai saboda wurin ba na banza ba ne. Nan babbar tsokar tauna ta kumatu ke kamawa ta waje, wata kuma ta ciki. In akwai inda bambancin abinci zai bar sawu a ƙashi, tsakanin mai tonon saiwa da tushen ciyawa irin gwaggon biri da mai cin ƙaro da ƙwari irin jan biri, to wannan yanki yana cikin na gaba-gaba. Da ban yi maimaicin nan ba, da na ɗauki rawar hannuna na kira ta bambancin halitta, na rubuta babi guda a kanta.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kai wa Malam hotunan da ɗigogin biyu-biyu a kai. Ya daɗe yana kallon na 12.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko in ja layi biyu, ɗaya ta bayan reshe ɗaya ta ƙasan ganga, in raba kusurwar da suka yi biyu, inda rabin ya taɓa ƙashi nan ne ɗigon?"

Ya ce haka masu awon ƙashin mutum ke yi, kuma hannuna zai daina rawa. "Amma ki tambayi kanki, wurin da layin zai faɗa a gwaggo da wurin da zai faɗa a kirka, abu ɗaya ne a jikin dabbar? Ko kin dai samu hanyar maimaita abu ne ba tare da kin san mene ne ba?"

Mun tsaya a kan cire na 12 daga jerin tsayayyun ɗigogi. A madadinsa zan bi gefen ƙashin tun daga na 11 har na 13 da 'yan ɗigogi goma masu tazara ɗaya, irin waɗanda ake bari su zame a kan layin lokacin daidaitawa, domin ba matsayin kowannensu ke da ma'ana ba, lanƙwasar baki ɗaya ce. MorphoJ ba ta zamar da su, sai na koma geomorph a cikin manhajar lissafi ta R, wadda na daɗe ina kauce wa. Zan yi lissafin sau biyu, da tsayayyu 13 kaɗai, sannan da lanƙwasar, in ga ko labarin zai canza.

Mun gyara ma'anar wasu biyu. Hudar jijiya a birai sau da yawa ba ɗaya ba ce, a wasu nawa biyu ne, a wani ma uku. Ƙa'ida yanzu: mafi girma, a tsakiyarta, in sun yi kai ɗaya a ɗauki ta gaba. Na 7 kuma, a wasu kirka gaban reshe yana rufe bayan turmin ƙarshe in an duba ta gefe, sai na koma sa shi inda layin bakin ramin haƙora ya haɗu da gaban reshe a hoto, na rubuta a fili cewa wannan ɗigon hoto ne, ba na ƙashi ba. Na yage tsohon katin na rubuta sabo.

Asabar, 22 ga Maris

Lissafin da ke hana ni barci: ɗigo 13 sau biyu lambobi 26 ke nan. Daidaitawa takan cinye huɗu, biyu na matsayi, ɗaya na girma, ɗaya na juyi. Saura 22. Ni kuwa kirka bakwai gare ni. Duk gwajin da ke neman raba rukuni da rukuni, in ma'aunai sun fi dabbobi yawa, zai raba su tsaf ko da babu bambancin komai. Don haka ba zan taɓa irin wannan gwaji ba sai adadi ya ƙaru.

Wani maƙwabcinmu da ya ji Umma na ba da labarin aikina ya tare ni bayan tarawihi, ya ce yana da mafarauta a ƙauye, in ina so kafin sallah za a kawo mini kawunan birai ko ashirin. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na yi masa godiya na ce a'a. Ranar da na biya kuɗin kai ɗaya, na buɗe kasuwa ke nan, biran da ke raye yau za a harbe saboda ni. Waɗanda ke kabad sun mutu tun kafin a haife ni, ba na son kundina ya ƙara ko ɗaya.

Hanyar da ta rage ita ce MorphoSource, rumbun intanet na Jami'ar Duke a Amurka, inda gidajen tarihi ke ajiye hotunan sikan na ƙasusuwa masu fuska uku. Na yi rajista, na nemi izinin sauke wasu. Sai dai ba zan zuba su tukunya ɗaya da hotunana haka kawai ba, domin abin da aka auna da kyamara da abin da aka auna a sikan kowanne da irin karkatarsa, kuma bambancin na'ura yana iya fitowa da rigar bambancin dabba.

Talata, 8 ga Afrilu

An sha sallah, na dawo. Zagaye na uku da na huɗu da sabon kati sun kammala. Na kuma roƙi wata ƙawata 'yar ajinmu ta ɗora ɗigogi a hotuna goma ba tare da na ce mata komai ba, katin kawai na miƙa mata. Wannan ne gwajin katin na gaskiya, domin ni na riga na san abin da nake nufi ko ban rubuta daidai ba. A goma sha ɗaya mun yi kusa ƙwarai. A na 11 da na 13 ta kauce mini, kuma kaucewar gefe ɗaya take yi kullum. Da muka zauna sai ta nuna mini "mafi baya" da "mafi ƙasa" sun dogara ga yadda aka kwantar da hoton, ni ina daidaita layin turame a kwance a zuciyata, ita tana bin gindin hoto. Gaskiyarta. Na ƙara jimla ɗaya a katin, na kuma juya dukkan hotunan layin turame ya kwanta sosai kafin a danna komai.

Bambancin tsakanin dabbobi yanzu ya rinjayi na hannuna nesa ba kusa ba. Kuskuren dasawa a yashi ya fi na dannawa, abin da ban zata ba, na ɗauka lebul ya gama magana.

Na yarda na leƙa sakamako sau ɗaya. A babban layin bambanci na farko, wato layin da lissafi ke jera ƙasusuwan bisa mafi girman bambancin siffarsu, kirka na can gefe guda, mazan gwaggon biri na ɗaya gefen, jajayen birai da matan gwaggo a tsakani, lamba 17 tana zaune cikin 'yan uwanta mata. Da na kunna zanen raga mai nuna yadda siffa ke sauyawa, irin tunanin da masanin halittu D'Arcy Thompson ya zana da hannu tun 1917, sai na ga gangar tana miƙewa gaba, reshen yana kwantawa baya, yayin da ake tafiya daga ƙarami zuwa babba. Jerin ya bi girman jiki sak. An daɗe da sanin haka a ƙoƙon kan dangin gwaggon biri, cewa dogon baki yana tafiya da girma. Ke nan tambayata ba a layin farko take ba, tana cikin abin da zai rage bayan na cire rabon girman cibiya daga siffa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Zafi ya kai maƙura, hadari na haɗuwa da yamma yana watsewa. Na sa ƙasusuwan cikin robobi masu murfi kafin damina ta kawo laima.

Kafin in cire rabon girma dole in san jinsin kowace dabba, domin a gwaggon biri da jan biri namiji da mace sun yi nisa, in na cakuɗa su zan ɗora wa iri abin da na jinsi ne. Takardu goma sha ɗaya ne kawai suka faɗi jinsi. Na gwaggo fiƙa da dogon ƙaramin turmi suna faɗa da kansu. Na kirka uku ne suka tsaya mini, fiƙoƙinsu sun zube, ramukan kawai suka rage. Na auna faɗin ramukan, biyu sun karkata wajen mata, ɗaya na tsakiya. Ba zan sa masa jinsi don siffarsa ta yi kama da ta maza ba, tunda siffar ce abin da nake son aunawa. Na rubuta "ba a sani ba".

Inda aka samo su ma matsala ce. Takardu shida ne ke da sunan gari. Andrea Cardini da Sarah Elton da abokiyar aikinsu sun nuna a 2007 cewa ƙoƙon kan dangin kirka yana sauyawa daga yanki zuwa yanki a faɗin Afirka, ga kuma yiwuwar wasu nawa a keji suka rayu suna cin abinci mai laushi. Baba ya ce akwai tsohon rijista mai baƙin bango da ake shigar da kowane ƙashi ranar da ya iso, ya gan shi da idonsa shekarun baya a sito na bayan ofis, cikin takardun jarrabawa. Mabuɗin yana hannun wani da ya tafi hutu, sai Litinin.

An ba ni izinin sauke sikan huɗu daga cikin waɗanda na nema. Na buɗe na farko a manhajar 3D Slicer, kwamfutata ta yi nishi ta ɗauke minti biyu kafin ya bayyana. Na juya shi ta baya, na ga faɗin dunƙulen gaɓa da dandamalin cikin mahaɗa, wuraren da hotunana na gefe ba su taɓa gani ba. Gobe zan gwada mayar da shi kwance kamar yadda nake dasa ƙashi a yashi, in ɗora tsayayyu 13 a kai, sau biyu, kwana uku tsakani. Litinin da ƙarfe tara ni da Baba muna sito, zan tafi da tocila da ƙyallen hanci biyu.